Asabar Ɗin da Aka Kai Ni Buranci

Ƙanwata Hajara,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Ya sanyin Jos, ya ƙafar taki? Mu nan Sintali lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Tun rasuwar maigidana, duk Asabar ɗana Bello kan kawo iyalinsa su sha kunun gyaɗa da ƙosai a wurina. To, wancan satin ya ce in shirya, za mu Buranci. Na ɗauka wani ƙauye ne bayan Sunkani, har na ƙulla zannuwa biyu a leda. Ashe wani shagon shayi ne, inda ake karyawa da rana tsaka! Burodi aka ba ni da ɗanyen ganye. Jikoki sai murna, wai "Kaka, nan za mu riƙa zuwa."

Yau Asabar. Tun asuba na dama kunu, ina ta leƙa ƙofa. Ga azahar ba su zo ba, sau biyu ina ɗumama shi.

Hajara, Bello yana jin maganarki. Ki ce masa in sunan yake so, ya kira kunun nawa Buranci, ni dai su zo.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Goggo.

Yayarki,
Dudu