Ƙanena ya sa wa hotona alamar matattu

Salamu alaikum jama'ar gurup. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai yi min wa'azi ya wuce, na ji wa'azi ya ishe ni.

Ni mai gyaran waya da kwamfuta ne a Sokodé, boko ban yi nisa ba, da hannu na koya. Ina da ƙane mai ɗaukar foto a Dapaong, Allah ya yi masa rasuwa bayan babbar salla. Mun yi shekaru ba ma magana a kan gidan babanmu na Kpangalam, shi yana son a sayar, ni na ƙi. Ranar ƙarshe da muka haɗu ya ce na cika son kai, ni kuma na ce masa daga yau ya ɗauka ba shi da wa, na mutu. Ko jana'izarsa a makare na isa, an riga an rufe.

To shi yana da wata al'ada a aikinsa, duk wanda ya taɓa ɗaukarsa foto, in ya ji ya rasu, sai ya sa alamar tauraro * a farkon sunan hoton, don in dangi suka zo neman hoton mamacinsu ya samu da sauri. Matarsa ta aiko min kwamfutarsa a motar tasha, ta ce Yaya mutane sun dame ni, ka cire min na masu tauraro ka zuba a kile, wato filashi. Linux ne a kai, sai ta baƙin allon nan na rubutu na bi. Na buga ls, umarnin da ke jero sunayen fayiloli, na sa tauraro, sai ga kowa da kowa ya zubo, amare, jarirai, mahauta, direbobin Cinkassé, kamar duk Dapaong ta mutu. Sai daga baya na tuna cewa a wurin na'ura tauraro yana nufin kowane suna ne. Sai ka sa sanda mai karkata baya \ a gabansa, sannan take gane tauraron kansa kake nema. Na gyara, sunaye suka ragu. Ga babanmu, ga innarmu, ga mutanen da na san sun rasu. A tsakiyarsu ga sunana. Hotona ne da farar riga, ina dariya, tun muna shiri ya ɗauke ni.

Tun ranar ba ni da natsuwa. Ina cikin gyaran wayar mutane sai in ga tauraron nan a idona. Mai shayin gaban shagona har tsokanata yake, wai Malam ka ga fatalwa ne. Na ji haushi ƙwarai, ni ne na goya yaron nan, ni na saya masa kamararsa ta farko, ya binne ni ina numfashi. Amma kuma ni na faɗa da bakina.

Jiya na kira matar, ban gaya mata abin da na gani ba, na dai tambaye ta ko yana kuskure wurin sa alamar. Ta ce bai taɓa ba. Ta ce duk Juma'a in ya dawo masallaci yana buɗe masu tauraro ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowa yana roƙa masa gafara, wani lokaci har da kuka.

Yanzu tana jiran kile. Cire tauraron nan layi ɗaya ne zan buga, ba wanda zai sani. In na bari za ta gani, 'ya'yansa ma za su gani. In na cire kuma, na goge abu ɗaya da ya rage tsakanina da shi, ban san ko fushi ne ko addu'a ba. Jama'a, in cire kaina daga cikin matattunsa ko in zauna a inda ya ajiye ni?