Kazar da Ta Ƙi Tashi

Litinin, 2 ga Yuni, 1975
Abincin kaji ya sake tashi. Tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi komai ya haukace, ƙwai ne kaɗai yake nan inda Malam ya bar shi. Allah ya jiƙan Malam, maigidana. Ya bar min kajin gidan gona cike da ɗaki, bai bar min wanda zan yi wa magana ba.

Juma'a, 6 ga Yuni
Yaya Barau ya aiko daga Fagam. Wai in kajin ba sa ciyar da ni, in sayar in komo gida; me mace marar ɗa take jira a Birnin Kudu? Ban ba da amsa ba.

Talata, 10 ga Yuni
Wata jar kaza mai tsinken wutsiya ta kama kwanci. Waɗannan kajin ba a san su da haka ba, su dai su zubar da ƙwai su wuce. Kuma ba zakara a gidan nan, Malam ya ce ci yake yi ba ya biya. To kan me take kwance? Na ɗauke ƙwan, ta koma kan ƙasa zalla. Har ta tsage min hannu, 'yar banza.

Alhamis, 12 ga Yuni
Alhaji Gwadabe, mai kwasar ƙwaina zuwa Kano, ya leƙa ya gan ta. "Inna, wannan ai asara ce. Ki tsoma ta a ruwan sanyi, in ta ƙi, wuƙa." Gaskiya ya faɗa. Mai kwanci tana ci, ba ta yin ƙwai, ribar kuwa duka ba ta fi kaurin ɓawon ƙwai ba. Na tsoma ta. Ta fito tana rawar ɗari, ta koma lungunta. Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, ni ma ban san na wane ne ba.

Asabar, 14 ga Yuni
Ba wanda ya yi sallama yau.

Lahadi, 15 ga Yuni
Na wasa wuƙa, na ajiye, na ɗauki mayafi. Barira maƙwabciyata rabonta da gidana tun sadakar arba'in. Ita ce mai cewa ƙwaina ba shi da uba, ba za ta ci ba. Amma tana da zabi, su kuwa zabi ba su iya kwanci ba. Na roƙe ta ƙwansu in sa wa kazar. Ta ce, "In sun fito, rabi naki, rabi nawa. Kuma ni zan riƙa dubawa, ke ba ki san kan zabo ba." Mace sai baki.

Laraba, 25 ga Yuni
Kullum sai Barira ta shigo, tana toshe hanci, in shimfiɗa mata tabarma kusa da tawa, ta zauna tana koya min abin da na sani. Alhaji ya ce yanzu na zama mai ciyar da kaza kyauta. Haka ne.

Lahadi, 13 ga Yuli
Sun fito. Ja tana ta yawo da 'ya'yan da ba nata ba, ta kumbura kamar ita ta ƙago su. Barira ta ce ba za a raba ba sai sun yi ƙwari, wai nata ma su zauna nan. Na soya ƙwai, nawa, marar uban. Ta cinye tas, ta ce gishiri bai ji ba.

Abincin kaji bai sauka ba. Na aika wa Yaya Barau cewa sai bayan kaka, saboda zabin mutane suna hannuna. Tabarma ta biyun kuma na bar ta a shimfiɗe, naɗewa kullum wahala ce.