Faso a Bayan Kunkurun Kaka

Laraba, bayan isha'i

Littafina, ka yi haƙuri, ban iya rubutun zuciya ba, amma yau ta cika.

Kunkurun Kaka ya daina cin ganye. Tunda ƙoƙon bayansa ya soma tsagewa Kaka ta ce faso ne irin na dunduniya, kullum sai ta sa na shafa masa basilin. Yanzu ƙasa ta manne a tsagun, wurin ya yi laushi, har yana wari.

Na daure na tambayi malamar bayoloji. Ta ce mai yana tara datti ya ruɓar da ƙoƙon, ruwa kawai yake so.

Na zo da maganar har bakina. Kaka ta miƙo kwalbar, ta ce, "Ke 'yar boko, shafa da kyau mana! Kunkurun nan ya girmi ubanki."

Na sunkuyar da kai, na shafa. Ko kansa bai leƙo ba.

Littafina, ka yarje mini in sake zuwa gare ka. In ya mutu, ba ni da wanda zan iya gaya wa cewa na san man ne ya kashe shi.