Ramin da na Toshe

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar?

Na fara aikin sharar nan, alhamdu lillahi. Wurin naɗar sauti ne. Bango duk an lulluɓe shi da soso, idan kika rufe ƙofa har bugun zuciyarki za ki ji. Mai kula da na'urorin mutum ne mai kirki, Injiniya ake ce masa, Mama yake kirana. Aikinsa sauraro, ya ƙara wannan, ya rage wancan.

Akwai lasifika huɗu a gabansa, biyu ƙanana a rufe ruf, biyu manya. Da na leƙa bayan manyan, sai ga rami a kowace, har kyankyaso ya fito daga ɗaya. Kaya masu tsada, an bar su a huje! Ban so na kunyata kowa ba. Na wanke tsummoki, na cusa can ciki inda ba za a gani ba. Amana ai ba sai an sa ka ba.

Ki gaida kowa.
Yayarki

Auta,

Sallama da fatan alheri.

Mako uku ke nan ana dawo wa Injiniya da aikinsa. Duk wanda ya saka a mota sai ya ce rugugi ya danne magana, har gilashi na karkarwa. Shi kuma ya rantse a ɗakin nan bai ji haka ba, ƙarawa ma ya yi ta yi don ya ji sautin ba nauyi. Wani mawaƙi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce masa, "Malam, kunne ne da kai ko marfin tukunya?" Injiniya ya je wurin likita, an ce ba a ga komai ba, abin ya ƙara tsorata shi. Yau ya rubuta takardar ajiye aiki. Shekara sha shida yana ci da kunnen nan, 'ya'yansa huɗu.

Ina shara yana haɗa kayansa, na ce Allah Ya sawwaƙe. Sai ya ce, "Mama, kin ga ƙananan nan, a rufe aka ƙera su, muryarsu tas amma ba ta da kauri sosai. Manyan kuwa ta ramin bayansu suke numfashi, ta nan kaurin yake ƙaruwa. To yanzu manyan ma siriri nake jin su. Kunnen ya tafi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, tsintsiyar ce ta faɗi daga hannuna. Ashe da gangan aka yi ramin! Na buɗe baki, wallahi ko kalma ba ta fito ba. Na fita na zauna a kan matakala. A sallar la'asar sai da na yi ƙabli, ban san raka'a nawa na yi ba.

Idan na faɗa, na san mai wurin ba zai bar ni ba, kin kuma san yadda na wahala kafin na samu aikin. Ban rubuto don neman shawara ba, na san abin da ya wajaba. Addu'a kawai nake so, kada harshena ya sake ƙi.

Taki,
Yaya

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Na faɗa, a gaban mai wurin, takardar tana hannunsa. Injiniya ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya zagaya, ya zura hannu, ya yi ta zaro tsummoki. Ya kunna. Sautin ya doke ni a ƙirji har na dafa bango. Shi kuwa sai ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da tafukansa. Babban mutum, Auta! Da ya ɗago ya ce, "Mama, har na fara kallon bakin 'ya'yana idan suna magana, don in saba tun da wuri."

Ban taɓa jin maganar da ta yanke ni kamar wannan ba. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe, in tashi don Allah.

Mai wurin ya yaga takardar, ya kuma karɓi makullina. Injiniya ya roƙe shi, ya ƙi. Ban ga laifinsa ba. Na ɗauki jakata, ina sauka daga bene ina jin rugugin yana bina ta cikin bango, ƙofa a rufe. Sai na tsaya na ɗan saurara kafin na fita.

Ki tambaya mini ko ana neman mai shara a wajenku.

Wassalam.
Yayarki