Dalmar Da Na Cire Daga Ƙuguna

Zuwa ga ƙanina Sabi'u, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Rabi da jaririyar da ban gani ba sai a hoto, ina sanar da kai, ina kuma sanar da jama'ar wannan zaure namu na waya na 'yan Guangzhou waɗanda za su riga ka karanta wasiƙar nan, cewa ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ni Alhaji Bala, mai shekara arba'in da takwas, cikin hankalina kuma ba tare da tilas ba, na cire dalma kilo huɗu daga ƙuguna. Ba a yi taro ba, ba a yanka rago ba. Shaidu biyu ne: Malam Lin mai koyar da nutso, da wata tsohuwa da ke goge bakin tafkin wanka.

Ta zaure na biyo saboda wata goma sha huɗu ke nan ba ka ɗaga wayata ba. Hajiya mahaifiyarmu ta daina tambayata ko mun yi magana. Yanzu labarinka kawai take ba ni a hankali, kamar labarin ɗan maƙwabta, sai ta bar ni da shi.

Ka tuna yadda na yi maka dariya lokacin da kana ɗalibi a nan ka ce ka fara koyon nutso da tukunyar iska. Kai ɗan unguwar Ƙoƙi, wanda babban ruwan da ya sani shi ne kududdufin bayan gidanmu. Da likita ya ce bayana na bukatar ruwa, kai ka ja ni zuwa tafkin, aka saka min rigar haya mai hura iska, aka ɗaura min dalma kilo takwas. Na nutse lafiya. Daga ranar na riƙe takwas kamar adadin raka'o'i, ba ragi ba ƙari.

Sai ka ce rigar haya ba ta dace da ni ba. Mun yi yini guda a unguwar Liwan muna neman farantin ƙarfe irin wanda ake goyawa a baya, shago bayan shago ana ce mana meyo, babu. Da muka samu, ka zauna a tsakiyar ɗakina na titin Liuhua bayan Juma'a, ka baje kaya a kan darduma. Farantin, da jakar iskar nan mai kama da taya wadda masu nutso ke kira fiffike, da doguwar ɗamara guda ɗaya da ka yi ta zurawa ta ramukan farantin kamar mai saƙa.

Ka tsayar da ni kamar tela. Ka sa na miƙa hannu ta bayan ƙeya har yatsuna suka taɓo saman farantin, ka ce nan ne wurinsa. Ka cusa yatsu uku ƙarƙashin maɗaurin kafaɗa, ka sassauta, ka sake cusawa. Ka sa na buɗe hannuwa na dawo da manyan yatsuna ƙirji, inda suka sauka nan ka kafa zobban ƙarfe. Da muka zo kan maɗaurin da ke ratsa tsakanin cinyoyi ya riƙe komai kada tukunya ta hau kai, ka kau da fuska ka miƙo min na ɗaura da kaina. Kunyarka ba ta taɓa barinka ba, ko a China.

Washegari muka je tafki. Alhaji Isufu na Damagaram ya biyo mu kallo, da baƙi biyu daga Kantin Kwari da suka zo sayen yadi. Na ɗaura takwas ɗina. Ka matso, ka sa hannu a ƙuguna a gabansu, ka zare dunƙule biyu. Ka ce, Yaya, farantin nan da kansa dalma ne, ya kusa kilo uku, kuma ba ya taso da mutum kamar waccan rigar.

Na san lissafin, Sabi'u. Na karanta labarin Bagirken nan da ya fito daga wanka da gudu don ya gano abin da ke sa kaya su taso ko su nutse. Amma ni mai lodin kwantena ne. Shekara goma a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ban taɓa barin taki ɗaya babu kaya ba, kuma a wurina abin da ya yi nauyi shi ne abin da ya zauna lafiya. Ga kuma Alhaji Isufu yana murmushi yana cewa wallahi ƙaramin ya zama loban, wato maigida. Wannan murmushin na gani, ban ga lissafi ba.

Abin da na faɗa maka jama'ar zaure ba su ji ba, to su ji. Na ce ni na koya maka ɗaura zariyar wando, ba kai za ka koya min ɗaura ɗamara ba. Na ƙara da cewa ka manta wanda ya kawo ka ƙasar nan. Ka mayar min da dalmar da hannu biyu, ka ce yi haƙuri Yaya. Wata huɗu ka ƙara yi kafin ka gama karatu ka tafi, ba ka sake gyara min komai ba, ko hular da ta karkace.

Haka na ci gaba da nutso, kai sama ƙafafu ƙasa, kamar mai hawa bene a cikin ruwa. Fiffiken kullum a cike don ya ɗauke ni da dalmata. In na ɗan yi sama iskar ta kumbura ta fizge ni, in na sake ta na faɗa kamar buhun siminti. Na ɗora laifin a kan shekaru.

Watan jiya muka je teku, wajen tsibiran da ke gaban Zhuhai. Ni na harhaɗa kayana, kuma ban ƙara murɗa bakin bututun da ke hura fiffike ba. Muna can ƙasa na danna maɓallin hura shi, sai na ji iskar tana fita ta bayan wuyana tana ɓulɓula. Na sake dannawa, haka. Na bubbuga ƙafa iya ƙarfina, haske yana can sama bai matso ba. Ban tuna kwantena ko ɗaya ba. Hajiya na tuna, da wanda zai kira ta ya faɗa mata, da cewa kai ne za ka yi wannan kiran alhali ba mu shirya ba. Malam Lin ya iso ya riƙe ni, ya ɓalle ɗamarar dalmar ya sake ta, muka hau a hankali. Tana can har yanzu, kifaye na mamakinta.

Shi ne ranar Asabar ya sa na yi gwajin da ka so mu yi tun farko. Na sake ɗaura takwas a wata ɗamarar. Ya bari iskar tukunyata ta kusa ƙarewa, ya sa na fitar da duk abin da ke cikin fiffike, na tsaya cik da numfashi na yau da kullum. Ya ce ruwa ya tsaya min daidai ido, in na fesar da numfashi na nutse a hankali. Muka yi ta cirewa ɗaya bayan ɗaya har ya daidaita. Nauyin da zan ɗaura a teku zai ɗan ɗara haka saboda gishiri. Cikin abin da ya rage ya mayar da dunƙule ɗaya kan maɗaurin tukunya don ƙafafuna su ɗago.

Sai na kwanta a tsakiyar ruwa, shimfiɗe, ban taɓa ƙasa ba ban taso ba, ba motsin hannu ba na ƙafa. Shekara guda da wani abu ina kokawa da ruwa, ashe ba ya faɗa da kowa.

Da muka fito ya bi maɗauran ɗaya bayan ɗaya yana neman abin gyara, bai samu ba. Ya tambayi wanda ya zura min su. Na ce ƙanina. Sai ya nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba: ka bar ragowar ɗamarar farantin ta ƙugu taki ɗaya ba ka yanke ba, ka naɗe ta ka ƙone bakinta don kada ta warware. Ka san tumbina ba tsayawa zai yi ba, ka yi masa tanadi ba tare da ka faɗa ba. Na daɗe a zaune a bakin tafkin da ita a hannuna, har tsohuwar nan ta zagaye ni da tsummanta.

An ce min aikinka yanzu shiga ƙarƙashin jiragen ruwa ne, a ruwan da mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Allah Ya tsare ka a duk shigar da za ka yi, Ya fito da kai ga Rabi da 'yarku lafiya. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya nuna mata ranar da za mu zauna gabanta mu biyu a kan tabarma ɗaya. Amin.

Kai ne da gaskiya, Sabi'u, ni na yi kuskure, kuma maganar da na faɗa maka ba ta da kyau. Ka yafe min. In na kira ranar Juma'a, ka ɗaga.

Yayanka,
Bala
Guangzhou