Ni ne heluman da matata take yi wa Allah ya isa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne na haura saba'in, abin da na binne tun ina saurayi ne ya taso mini.

A shekarun saba'in ina heluma, wato shugaban leburori, a wani kamfanin gini a Gusau, aka ba mu aikin tafkin ninƙaya a kulob ɗin Turawa. An gama tafki, saura daɓen gefe inda ake takawa ba takalmi. Baturen da ke kula da kulob ɗin ya ce a zuba samfuri uku ya zaɓa, farin tarazo, da siminti mai kaushi, da baƙin dutse da aka faso daga Kwatarkwashi aka goge. Ni dutsen nake so, don yana ƙyalli, kuma ni na kawo shawararsa, ina son a yaba mini.

Akwai wani magini daga Bungudu, zan kira shi Malam Ila, ya haife ni a shekaru. A gaban leburori ya ce tarazo santsi gare shi in ya jiƙe, baƙin dutse kuwa rana yake sha, ko akuya ba ta kwanciya a kansa da azahar, a yi simintin kawai. Leburori suka yi dariya. Ni kuwa a lokacin kaina ba ya ɗaukar raini, na ce tunda ya fi kowa sani ya cire takalmi ya hau dutsen mu gani, in ya sauka kafin na ce ya sauka ya bar aikin. Ana tsakiyar bazara, ƙarfe ɗaya na rana.

Ya hau. Na ja kujera inuwa na zauna ina kallon agogo, wallahi jira nake ya yi tsalle a yi masa dariya. Bai motsa ba. Bature ya leƙo ya ga mutum tsaye hankali kwance, ya ce dutsen za a sa. Da na ce ya sauka, fatar tafin ƙafarsa ta saɓule ta manne a dutsen, shi bai ma sani ba sai da aka nuna masa. Ashe ciwo ne ya fara kashe masa ƙafa, yana ɓoyewa. Maimakon in ji tausayi, sai na ɗaga murya na ce kuturu ne, kowa ya ja baya. Ranar babu wanda ya sa hannu a kwano ɗaya da shi, da yamma na sallame shi. Sati guda da buɗe wurin matar Baturen ta ƙone ƙafa, aka farfasa dutsen aka zuba simintin da Malam Ila ya faɗa.

Bayan shekara uku abin ya hana ni sakat, na ɗauki buhun gero na je Bungudu. Na tarar gyambon bai warke ba, yatsu sun tafi, maƙwabta sun daina shiga gidan. Ya gane ni sarai. 'Yarsa ta kawo mini ruwa. Na ci gaba da zuwa, ƙarshe na nemi aurenta, ita ma ta ce tana so. Abin da ya ce mini kawai shi ne, kada in bar ta ta taka ƙasa ba takalmi. Har ya rasu bai faɗa wa kowa ni ne heluman ba.

Hajiya, wato 'yar tasa da na aura, ta san labarin dutsen, ba ta san sunan heluman ba. Shekara arba'in da wani abu ina jin ta bayan sallah tana cewa Allah ya isa tsakaninta da shi, wani lokacin har ta juyo ta ce ba ka ce amin ba, in ce amin.

Yanzu babban ɗanmu yana gina otal a Tudun Wada da tafki a ciki, ya kawo samfuri gida ya ce Baba kai ne masani, zaɓa mana. Har da baƙin dutse. Hajiya na ganinsa ta fashe da kuka, ta ba yara labarin kakansu tun daga farko, ta ce ta yafe wa duk wanda ya taɓa cuta mata a duniya ban da wannan mutum, sai sun tsaya gaban Allah. Ta kuma ce in taimaka, tunda na yi aikin gini a Gusau a lokacin, in bincika mata ko yana raye. Na ce to.

Tsoro nake ji, ban iya cin abinci. In na faɗa, na san ba za ta ƙara kallona ba, kuma yaran nan jinin Malam Ila ne. In na yi shiru, zan mutu da haƙƙin da ita kaɗai ta rage da zan roƙa. Jama'a in faɗa mata ko in ce ya mutu? Yau da safe ma da ta kawo mini koko ta tambaye ni ko na samo shi.