Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, in ban da ciwon bayan nan.

Manajan ma'ajiyar da nake ɗaukar kwalaye ya rubuta wai ƙarfina yana "dwindle", in sa hannu in ajiye aiki. Ni da na shekara ashirin ina koyar da Turanci. Na faɗa masa tushenta tsohuwar kalmar Turawa ce ta majinyacin da ke ramewa kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Na ce, "Yaro, dube ni da kyau. Na yi kama da shi?" Na mayar masa da bironsa.

Aiko mini da man zafi, kada Inna ta sani. Gobe ina bakin aiki.

Yayanka.